Wa Zai Karanta wa Makafin Gude Takardun da Ake Liƙawa a Bango?

Akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan masu ido, har da waɗanda Allah ya hore wa ilmi da tausayi a cikinsu, wai tun da aka ƙago rediyo, kuɗinsa kuma ya sauko har ya shiga aljihun talaka, makaho ba shi da sauran kuka a kan sha'anin labari, domin abin da mai ido zai karanta a jarida shi ma zai ji shi da kunnensa, wani lokaci ma ya riga shi. Zaton nan yana da ƙamshin gaskiya. Tun daga 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007, ga Rediyon Kaduna, ga kuma namu na Yola, wato ABC da Gotel da Fombina, kunnen mai jin Hausa bai taɓa rasa abin saurare ba. Kuma duk wanda ya taɓa zama da makafin Mubi a inuwar masallaci bayan la'asar ya san cewa a cikinsu akwai waɗanda za su warware maka rikicin Sudan da siyasar Abuja filla-filla, su kawo maka sunayen ministoci da kai mai ido ka manta.

Amma fa ka tambayi wannan masanin duniya ranar da za a kafe rajistar masu zaɓe a mazaɓarsa domin kowa ya duba sunansa, ko ranar da likitocin ido za su sauka a asibitin garin, ko sharuɗɗan da aka gindaya wa mai neman takin gwamnati a bana, sai ka ji ya yi shiru, ko ya ce haka ya ji ana faɗi, bai dai tabbatar ba. Dalili kuwa shi ne, irin wannan labari ba ya zuwa daga Landan, galibi ma ba ya zuwa daga Yola. Takarda ce ake bugawa da Turanci, a shafa mata ruwan sitaci, a liƙa a bangon sakatariya ko ƙofar asibiti ko jikin bishiyar makarantar firamare, ta yi kwanakinta rana tana dukanta, wa'adin da ke cikinta ya cika, iska ta yage ta, alhali mutumin da ya fi kowa bukatar abin da ke cikinta ya wuce ta gabanta da sandarsa safe da yamma, bai san ma akwai ta ba. A zamanin nan kuma takardar ta koma hoto a cikin WhatsApp, wanda ga makaho shi da bango duk ɗaya ne.

Na ɗauki Gude misali ne domin a can matsalar ta fi fitowa fili. Mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, wadda hedikwatarta ke Gella, a gindin duwatsun Mandara, daf da iyakar Kamaru, kuma sunan al'umma ne da harshensu, waɗanda iyakar da Turawa suka shata ta raba gida biyu. Tsakanin Mubi da Yola akwai tafiyar kimanin kilomita 200, saboda haka ba laifin ma'aikacin gidan rediyon jiha ba ne idan bai san an ɗage ranar rigakafi a wani ƙauye na bayan dutse ba. Sa'an nan tsohuwar da idonta ya rufe a irin wannan ƙauye, ko da tana jin Hausar ciniki da ta gaisuwa, ba lalle ne ta fahimci Hausar masu karanta labarai ba, balle Turancin ofis. Harshen da zai shiga zuciyarta Gude ne, maƙwabciyarta kuma wataƙila Fulatanci ko Fali ko Njanyi.

Kada kuma a ɗauka mutane ƙalilan ake magana a kai. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 a kan makanta da raunin gani ya nuna cewa a cikin waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya a lissafin wancan lokaci, kuma shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ita ce kan gaba da kashi 6.1 cikin ɗari. Yanar ido ita ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido ya biyo ta da kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin ɗari na dukkan makantar abu ne da za a iya kauce masa ko a warkar da shi. Abin lura a cikin waɗannan alƙaluma, wanda shi ne ginshiƙin maganata, shi ne mafi yawan makafinmu da idonsu suka girma, suka yi noma, suka yi fatauci, suka aurar da 'ya'ya, sa'an nan duhu ya sauko musu da tsufa. Makarantar makafi ta Gindiri, wadda mishan suka kafa a 1953, ita ce ta farko a ƙasar nan, kuma ta fitar da malamai da ma'aikata masu karatu da rubutun Braille da yatsunsu, Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan hidima. Amma dattijo ɗan shekara 65 da hannunsa ya yi kanta da fartanya ba zai koma aji ya koyi ɗigo shida ba. Ƙofar da ta rage masa ita ce kunne.

Mutanen Birtaniya sun fuskanci wannan tun tuni, alhali suna da gidajen rediyo da suka fi namu yawa da ƙarfi. Wani ma'aikacin laburare mai suna Ronald Sturt ya ga yadda ake naɗar jarida a kaset domin makafi a ƙasar Suwidin, ya komo garin Aberystwyth a yankin Wales, suka fara nasu a 1970, daga nan abin ya bazu har ya zama da wuya ka sami gunduma a ƙasar da ba ta da tata jarida mai magana. Tsarin ba shi da wani sirri. 'Yan sa kai ne, galibinsu tsofaffin ma'aikata da matan gida, suke haɗuwa sau ɗaya a mako, su ɗauki jaridar garinsu, su raba shafuka, su karanta a naɗa, a zuba a 'yan jakunkuna, gidan waya ya kai wa makafi kyauta, su saurara su mayar. Da kaset aka fara, yau an koma ɗan ƙaramin abin ajiyar sauti da ake soka wa na'ura. Abin da ya kamata mu kula da shi shi ne irin labarin da suke karantawa: wanda ya rasu da ranar jana'izarsa, hanyar da za a rufe domin gyara, shawarar da majalisar gari ta yanke, kantin da ya tashi. Labarin duniya sun bar wa BBC.

Ba na kawo wannan domin in ce mu kwaikwayi Turawa ba, gama abin yana da asali a wurinmu wanda ya girmi kaset. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, masu iya karatun boko ƙalilan ne, saboda haka kofi ɗaya yakan ciyar da zaure guda, malamin makaranta ko akawun Hukumar Gargajiya yana karantawa da ƙarfi jama'a suna saurare. Kafin wannan akwai sanƙira da mai shela, waɗanda ke kai umarnin sarki kunne-kunne, ba su bar mai ido ko makaho a baya ba. Ilmin addini kansa ta hanyar ji da riwaya ya iso gare mu, shi ya sa makanta ba ta taɓa hana mutum zama malami a wannan al'umma ba: Imamu Shaɗibi, wanda har gobe masu ilmin ƙira'a ke haddace littafinsa, makaho ne, haka Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Takarda da bango su ne suka zo daga baya suka ware makaho gefe, mu kuma muka saba da hakan har muka daina ganinsa a matsayin zalunci.

A tarihin Sahabi Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah ya yarda da shi, wanda shi ma makaho ne, akwai abu biyu da suka dace da wannan magana. Na farko, sababin saukar Suratu Abasa, kamar yadda malaman tafsiri suka bayyana, zuwa ya yi neman sani, ba neman sadaka ba, kuma a kan haƙƙinsa na a saurare shi a sanar da shi ne ayoyin suka sauka. Na biyu, shi ladani ne a Madina tare da Bilal, an kuma ruwaito cewa ba ya kiran sallar asuba sai an gaya masa alfijir ya keto. A duba wannan tsari da kyau. Muƙamin nasa ne, muryar tasa ce, jama'ar gari da kiransa suke kame baki a watan azumi. Abin da mai ido ya ba da kawai shi ne ɗan abin nan da sai da ido ake saninsa. Ni ba mufti ba ne, ba kuma zan yi wa malamai shisshigi ba, amma a ɗan abin da na fahimta, isar wa makaho sanarwar da maslaharsa ta rataya a kanta ya yi kama da abin da fuƙaha'u ke kira farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya yi ko oho, laifin ya hau kan gari duka. 'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda ke da yawa a ƙasar Gude, ga kuma hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Kwarhi kusa da mu, ba su bukatar in koya musu wannan daga littafinsu. Sun riga sun saba da karanta sanarwa kowace Lahadi, kuma ƙungiyoyin zumuntar mata da na matasa sun san gidan kowane tsoho da ya daina fitowa.

To, yaya aikin zai kasance? A ce mutum shida ne. Ɗaya ya zaga ranar Laraba da wayarsa, ya ɗauki hoton duk takardar da aka liƙa a sakatariya da asibiti da fadar hakimi da ofishin hukumar zaɓe, ya tsaya a kasuwa ya tambayi kuɗin mudun masara da dawa da wake da gyaɗa, ya leƙa tike ya ji yadda shanu da awaki suka kwana. Daren Alhamis, bayan sallar isha'i, sa'ad da injin niƙa ya yi shiru, masu janareto kuma ba su riga sun tayar ba, a shiga ɗaki mai labule, a rufe taga, a ɗora waya a kan matashin kai domin kada ta ɗauki ƙarar tebur, mai karatu ya zauna tazarar taki ɗaya daga gare ta, ya yi sallama, ya faɗi ranar mako da kwanan wata na boko da na Hijira, sa'an nan ya shiga karatu a tsanake. Minti 20 da Hausa, wani ya maimaita da Gude, wani da Fulatanci. Da safe a tura wa masu babbar waya ta WhatsApp, a kai wa masu cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa su riƙa zuba wa mutane a memori, a ba direbobin da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa. Ƙaramin rediyon nan mai cin memori, wanda tsofaffi ke jin wa'azi da waƙa da shi, ya riga ya shiga gidaje da yawa. Ina nanata maganar memori ne domin mutanen Adamawa ba su manta da 2013 ba, lokacin dokar ta-ɓaci, da aka katse layukan waya aka bar kowa da abin da ke hannunsa.

Masu yin aikin kuwa ba sai an je nesa ba. Garin Mubi, da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, ga masu yi wa ƙasa hidima da aka wajabta wa aikin raya al'umma kowane mako, ga tsofaffin malaman firamare da suka yi ritaya da muryarsu garau, ba zai ce ya rasa mutum shida masu iya karatu ba.

Sai dai iya karatu shi ne mafi sauƙin sharaɗi. Babban sharaɗi amana ce, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne mai kyakkyawar niyya yakan ɓata aiki. Wanda ya karanta wa makaho takarda ya zama idonsa na wannan sa'a, ido kuwa ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya zaɓar wa mai shi abin da ya dace ya gani. Akwai jarabar tausayi, wadda ke sa mai karatu ya tsallake labarin rasuwa ko na tashin farashi wai kada ran tsoho ya ɓaci, alhali tsohon nan ya binne iyayensa da wasu 'ya'yansa, ya ga abin da mai karatun bai gani ba, kuma rashin zuwa ta'aziyyar aboki ya fi yi masa ciwo a kan jin mutuwarsa. Akwai jarabar wa'azi, wadda ke mai da minti 20 na sanarwa su koma nasiha a kan haƙuri da ƙaddara, kamar makaho bai fi kowa sanin haƙuri ba. Wadda ta fi su haɗari ita ce ta siyasa, domin ranar da ɗan takara ya gane akwai wata murya da ke shiga kunnen ɗaruruwan masu ƙuri'a kowace Juma'a, zai zo da kyautar sabuwar waya da kuɗin kati, kuma daga ranar da aka karɓa, rabin masu saurare sun tafi. A karanta sanarwar kowace jam'iyya idan ta shafi jama'a, a faɗi daga wanda ta fito, a wuce.

Malaman hadisi sun bar mana ladabin da ya isa a wannan babi, wato kada a karɓi magana sai da isnadi. Kowane labari a faɗi tushensa: wannan takarda ce mai hatimi da aka liƙa a wuri kaza ranar kaza, wannan daga bakin mai unguwa muka ji, wannan jaridar Aminiya ce ta buga. Abin da ya zo a WhatsApp ba sa hannu, ba kwanan wata, a ajiye shi sai an tabbatar. Mutanen da suka ga ƙarshen Oktoban 2014, sa'ad da Boko Haram suka shiga Mubi jama'a suka watse, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa, ba su bukatar a yi musu bayanin abin da jita-jita ke haifarwa, ko abin da rashin sahihin labari ke jawo wa wanda ba ya iya gudu sai an riƙe masa sanda. Akwai kuma ƙananan ladubba da sai an fara ake gane su. Lamba da kwanan wata a maimaita su sau biyu, domin mai saurare ba zai iya mai da ido baya ba. A ce ranar Talata mai zuwa, kashegarin kasuwa kaza, maimakon a tsaya ga 14 ga wata kawai. Lokacin canjin kuɗi na ƙarshen 2022 da farkon 2023, an yi ta gaya wa mutane launin sababbin takardun 200 da 500 da 1000, bayanin da bai amfani makaho da komai ba. Abin da yake bukata shi ne ranar da tsohon kuɗi zai daina karɓuwa, da inda zai kai nasa, da wanda doka ta yarda ya raka shi.

Wani zai ce makaho abinci yake bukata da aikin ido, labari kuwa abin more rayuwa ne. Amsa tana cikin alƙaluman da na kawo. Idan yanar ido ce ta rufe idon kusan rabin makafinmu, aikin cire ta kuwa ba ya cin sa'a guda, asibitin ido na ECWA a Kano yana yin irinsa tun 1943, likitoci kuma sukan zagayo jihohi lokaci-lokaci su yi kyauta, to akwai wanda ke zaune cikin duhu yau saboda kawai sanarwar zuwansu ba ta iso shi ba sai bayan sun tafi. Rashin sani ya fi dare duhu. Wani kuma zai ce ai suna da 'ya'ya da jikoki. Haka ne, amma ɗan jagora yaro ne, sau da yawa ma jagorancin ne ya hana shi makaranta. Kuma mutumin da duk saninsa ya rataya a bakin mutum ɗaya, ko da ɗansa ne na cikinsa, ya zama sai abin da aka ga dama aka gaya masa, musamman inda maganar kuɗin tallafi ko gado ko fili ta shigo.

Saboda wannan ne nake ganin kada masu ido su riƙe shugabancin abin. Garuruwanmu sun gaji sarautar Sarkin Makafi, ga kuma Ƙungiyar Makafi ta Nijeriya, ga matasan da suka yi karatun boko suna sarrafa waya da manhajar da ke karanta musu allo. Su ne za su ce ga abin da za a karanta, ga abin da ya yi tsawo, ga mai karatun da ke haɗiye ƙarshen kalma a canza shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A sa mata a cikin masu yanke shawara da masu karatu, domin makauniyar da ke cikin gida ta fi namijin da ke fita masallaci da kasuwa nisa da labari.

Wannan duka bai ɗauke wa hukuma nauyinta ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman bambanci, a 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 a kan sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta buɗe ƙofar mai da rubutu zuwa sigar da makaho zai amfana da ita. Hukumar zaɓe ma ta fito da abin jagorar ƙuri'a na Braille tun zaɓen 2019, ko da yake mai iya Braille kaɗai yake yi wa amfani. Mafi ƙarancin abin da ƙaramar hukuma za ta yi, wanda ba zai ci mata ko kwabo ba, shi ne ta umarci kowane sashe nata da ya ba masu karatun kofin duk sanarwar da zai liƙa, a ranar da zai liƙa ta.

Tsorona ɗaya ne, kuma duk wanda ya san halinmu ya san shi: a kafa rumfa, a jera kujeru, a gayyato babban baƙo, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto da makafi a sahun gaba, a fitar da shiri na farko da na biyu, sa'an nan jarrabawa ta zo, damina ta sauka, kowa ya kama gabansa, tsoho kuma ya ci gaba da aika jikansa wurin mai caji kowace Juma'a yana dawowa hannu wofi. Gara kada a fara da a yi haka. Shi ya sa na ce mutum shida, domin idan biyu suka yi tafiya, ɗaya ya kwanta ciwo, shirin ya fita duk da haka. Kuma kada a yi bikin komai sai an cika shekara ba a tsallake mako ba.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Mubi da hakimansa, da limamai da fastoci, da shugabannin manyan makarantun nan biyu, su sa albarka su ba da ɗaki. Kai kuma mai karatu, idan kana Mubi ko Gella ko Gude, kana da waya da murya da sa'a biyu a mako, nemi abokai biyar, ku je ku gai da Sarkin Makafi ko shugaban ƙungiyarsu a wannan makon, ku tambaye shi ranar da yake so a fara da harshen da za a fara da shi.